Kafin ka ɗauko ƙoƙi-ƙoƙi ka ce zaka yi kiwo, dan Allah fara da guda ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka baki ɗaya, Allah ya ƙara basira. Ina roƙon ɗan fili ne a wannan jarida tamu in yi magana kan wani kiwo da ba'a cika jin labarinsa ba, wato kiwon ƙoƙi-ƙoƙi. Eh, ƙwaron nan dai mai dogon wuya da ke ɗage hannuwansa biyu a gaba ya tsaya cik yana kallon mutum. Ni ina kiwonsa kuma ina sonsa har zuciyata, kuma na lura yanzu yara da matasa suna ta sha'awar abin saboda bidiyoyin da suke gani a waya, wanda hakan ya min daɗi sosai, amma abinda ke damuna shine kusan kowa daga barbara da ƙwai yake son farawa, mutum bai taɓa rainon ko guda ɗaya daga ƙarami har ya girma ba amma ya je ya kamo biyu ya zuba a kwalba ɗaya yana jiran su haihu. Washegari ya tarar da guda ɗaya da ragowar fukafukai. Ko kuma ya samo jakar ƙwai, ta ƙyanƙyashe masa 'ya'ya sama da ɗari bai tanadi abinda zasu ci ba, cikin 'yan kwanaki duk su mutu yana kallo. Wannan asarar rai ce da babu dalilinta, shi yasa na ce bari in rubuto.

Shi dai wannan ƙwaro iri-iri ne, masana sun lissafa sama da iri 2,400 a duniya, mafi yawansu a ƙasashe masu zafi, kuma dangin da suka fi kusa da shi su ne kyankyaso da gara. Bashi da dafi ko kaɗan, in ma babba ya kama maka yatsa da ƙayoyin hannunsa ɗan tsini kawai zaka ji. Yana iya juya kansa ya kalli bayan kafaɗarsa, abinda da wuya ka gani a wurin sauran ƙwari, kuma da yawa daga cikinsu kunne guda ɗaya tak garesu a ƙarƙashin ƙirji wanda da shi suke jin ƙarar jemage da dare su kauce. Wasu masana biyu a Amurka, David Yager da Ronald Hoy, su suka bayyana wannan kunnen a 1986. To dabbar da aka yiwa irin wannan halitta ai ta wuce a ɗauketa abin wasan kwana biyu.

Ga mai farawa, zaɓen iri shine rabin aikin. Akwai waɗanda suke da juriya, suna cin kusan duk abinda aka basu kuma ɗan kuskure baya kashe su, irinsu Sphodromantis na Afirka, koren nan mai ƙiba da zafin nama, da Hierodula na Asiya wanda shima babba ne mai sauƙin hali, da Tenodera sinensis na China. Akwai kuma Phyllocrania paradoxa, ƙarami mai kama da busasshen ganye, shi ma baya bada wahala. Amma waɗanda suka fi yawo a hotuna, irin fari da ruwan hoda ɗinnan mai kama da fure na kudu maso gabashin Asiya, Hymenopus coronatus, da Idolomantis diabolica na gabashin Afirka, wallahi ba na sabon shiga bane, suna son zafi da danshi daidai gwargwado kuma na biyun ma ƙwari masu tashi yake so, in ka bi kyau ka fara da su zaka sha takaici. Ni a ganina ma wanda yake rayuwa a yankin da kake zaune shi yafi dacewa ka fara da shi, tunda yanayin wurin nasa ne, kuma in ka ga bazaka iya ba sai ka mayar da shi inda ka ɗauko shi shikenan.

Sai maganar gida. Ba sai an kashe kuɗi ba, robar da ake gani ta ciki ko kwalba mai faɗin baki ta isa, amma akwai ƙa'ida ɗaya da masu kiwon nan basa wasa da ita: tsayin gidan ya kai ninki uku na tsawon ƙwaron, faɗinsa kuma ninki biyu. A rufe saman da raga ko ɗan yadi mai huji-huji wanda ƙafarsa zata iya kamawa, a sa 'yan ƙirare a jingine, a shimfiɗa tishu ko ƙasa mai tsabta a ƙasa. Iska ta riƙa shiga tana fita, don in gidan ya toshe fumfuna zata fito ta kashe shi. Kuma kar a ce a yi masa gata a sa ɗan ƙarami cikin ƙaton akwati, bazai riƙa haɗuwa da abincinsa ba. Yawancin irin ƙasashen zafi suna jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 30, kar a ajiye robar inda rana ke dukanta kai tsaye don cikin ɗan lokaci zafin ciki zai gama da shi. Guda ɗaya a gida ɗaya, wannan babu sassauci, don cin junansu suke. Sannan a kula da tururuwa da kiyashi, kuma ɗakin da yake ciki kar a fesa maganin sauro ko a kunna na hayaƙi, ai shima ƙwaro ne, abinda zai kashe sauro zai kashe shi.

Dalilin wannan tsayi ninki uku shine saɓa, kuma anan ne nake so mai karatu ya ɗan tsaya, don da yawa daga cikin waɗanda ke mutuwa a hannun sababbin masu kiwo a wurin saɓa suke mutuwa. Fatar ƙoƙi-ƙoƙi bata girma tare da shi, dole sai ya tuɓe ta ya fito da sabuwa, kuma zai yi haka wajen sau 6 zuwa 9 kafin ya balaga, ya danganta da irinsa, sau da yawa mace tana ɗara namiji da saɓa ɗaya. In lokacin ya matso zaka ga ya daina cin abinci kwana ɗaya ko biyu ko fiye, in ƙuda ya zo kusa sai ya ture shi da hannu maimakon ya cafke, ya hau can sama ya rataye kansa a ƙasa yayi shiru. Anan ne mutane suke ruɗewa su ɗauka ciwo ne, su buɗe su taɓa shi, su girgiza robar, su ƙara zuba masa abinci. Dan Allah a barshi. Abinda ake so kawai a cire duk wani ƙwaro mai rai da ke ciki, a ɗan fesa ruwa a jikin bangon gidan don a samu danshi, a ja gefe.

In Allah yasa kana wurin lokacin da zai yi, zaka ga fatar ta tsage ta bayan wuya, sai kai ya fara fitowa, sai dogon wuyan nan, yana ɗan motsi a hankali a hankali kamar mai cire matsattsiyar riga, ya zare zarurrukan nan biyu na kansa, ya zare hannuwa, ya zare ƙafafu ɗaya bayan ɗaya har ya rage ƙarshen cikinsa kaɗai ne a cikin tsohuwar fatar, yana lilo a ƙasanta, jikinsa fari-fari, laushi tiɓis. Nauyin jikinsa ne ke taimaka masa ya zame ƙasa, kaga kenan in gidan gajere ne kansa zai taɓa ƙasa kafin ya gama fita, sai ya bushe a lanƙwashe, in kuma ragar sama santsi gareta ya suɓuce ya faɗo to da wuya ya tashi daidai. Zai ɗan jima a haka har ƙafafun su yi ƙwari sannan ya juyo ya kama sama ya ƙarasa fita. A saɓar ƙarshe ne fukafukai ke fitowa, da farko a cukurkuɗe, sai ka ga suna miƙewa a hankali har su kwanta a bayansa sumul. Bayan ya gama a bashi aƙalla kwana guda, babba ma kwana biyu, kafin a sa masa abinci ko a taɓa shi. Wani abin daɗi kuma, in ƙarami ya rasa ƙafa, tana iya tsirowa a saɓar da zata biyo baya, amma wanda ya balaga ya gama saɓa, abinda ya rasa ya rasa.

Abinci kuma mai rai yake ci, motsi ne ke jan hankalinsa. 'Yan ƙanana ana basu ƙananan ƙudajen nan da ke taruwa a kan 'ya'yan itacen da suka nuna sosai, kuma ana iya kiwon su a wata roba daban da ɗan dakakken ayaba, in ya ƙara girma sai ƙudan gida, sai fara ƙanana da kyankyason kiwo da ƙwarin nan da ke zuwa wajen fitila da dare. Kar a bashi abinda ya fi ƙarfinsa, kar kuma a kamo daga gonar da aka yiwa feshi ko inda aka sa maganin ƙwari. Gyare ni bana so, don in aka barshi a ciki ya kwana yana iya gwaguyar ƙoƙi-ƙoƙin musamman lokacin saɓa. Ba kullum ake ciyar da shi ba, ka dubi cikinsa, in ya lafe to yana jin yunwa, in ya cika yayi tim a ƙyale shi kwana biyu ko uku. Ruwa kuma baya sha a kwano, ɗigon da ka fesa a bango ko ganye shi yake sunkuyawa ya tsotsa. Kuma ka zauna ka kalli yadda yake farauta, yadda zai bi ƙuda da kai kawai jiki bai motsa ba, yana ɗan rangaji gaba da baya, sai kawai ka ga ƙudan a hannunsa baka ga lokacin da ya miƙa ba, in ya gama ci kuma ya bi hannuwan nan da baki yana tsaftacewa ƙaya bayan ƙaya, ya goge idanunsa, ya lanƙwaso zaren kansa ya bi shi tun daga tushe har ƙarshe. In kana son ɗaukarsa kar ka damƙe shi, sa hannu a gabansa zai hau da kansa, kuma a yi hakan kusa da ƙasa ko kan gado don mace mai cike da ƙwai in ta faɗo daga sama cikinta na iya fashewa.

Akwai gaskiyar da ya kamata iyaye su faɗawa yaro tun kafin a fara, ƙoƙi-ƙoƙi baya daɗewa. Yawanci duka rayuwarsa bata wuce shekara ɗaya ko kusa da haka, namiji ma yafi saurin tafiya, bayan ya balaga 'yan watanni ne. To wannan ne ke sa mutane gaggawar son su hayayyafa, kuma na fahimta, amma sai wanda ya riga ya raka guda ɗaya ta duk saɓarsa ya san yadda ake samar da abinci ba yankewa ne ya kamata ya shiga wannan.

In an kai nan, farko a tabbatar iri ɗaya ne kuma mace da namiji ne. A duba ƙarƙashin ciki a ƙirga gaɓoɓin, mace 6 ake gani na ƙarshen babba mai faɗi, namiji 8 ƙanana. Namiji siriri ne, zarurrukan kansa sun fi tsawo kuma yana tashi sosai, mace tafi jiki da nauyi. Matsalar da ake samu in 'yan jaka ɗaya ne, namiji yana riga mace balaga, wani lokaci har ya tsufa kafin ta shirya, shi yasa masu kiwo ke ajiye namiji a wuri mai ɗan sanyi su rage masa abinci kaɗan, ita kuma a wuri mai ɗumi da abinci isasshe don su haɗu a lokaci. Bayan saɓar ƙarshe sai a jira, namiji kamar sati biyu, mace sati uku ko fiye, wanda ya haɗa su kafin nan ya ba mace abinci ne kawai.

Maganar cewa mace tana cinye namiji gaskiya ce, amma an zuzuta ta da yawa har wasu sun ɗauka dole ne sai ta cire masa kai barbara ke yiwuwa. Ba haka bane. A daji mafi yawan mazan suna gamawa su tsira, kuma abinda ke ƙara haɗarin shine yunwa da ƙuncin wuri da mutum ya tsaya a kansu yana motsi. Ita a wurinta nama ne mai amfani, wani bincike da aka wallafa a 2016 kan irin na China ya nuna macen da ta ci namijin tafi zuba ƙwai da yawa, to kaga ba mugunta bace, halittarta ce, kai mai kiwo kai ne zaka kare shi. Ka ciyar da ita sosai kwanaki kafin ranar har cikinta ya cika, ka fito da su wuri mai faɗi inda namiji zai iya tashi ya gudu, tagogi a rufe, ka bata babban abinci ta riƙe tana ci sannan ka ajiye shi a bayanta da ɗan tazara. Zai tsaya ya ƙura mata ido, wani lokaci ya daɗe ƙwarai bai motsa ba, yana matsowa taku ɗaya in ta motsa, har ya yi tsalle ya hau. Ka riƙe ɗan siririn ƙirare a hannu, in ta juyo zata kama shi ka sa tsakaninsu. In ka ga ta tayar da hankali ko shi ya ƙi kulata, raba su ka sake gwadawa bayan kwanaki. Barbarar kanta tana ɗaukar awanni, kuma da zarar ya sauka a ɗauke shi a mayar gidansa.

Bayan kwanaki ko 'yan makonni zata nemi reshe ko saman raga ta fara fitar da wata kumfa daga ƙarshen cikinta tana juya ta tana jera ƙwai a ciki, kumfar ta bushe ta zama jaka mai tauri. A sani ko ba'a yi barbara ba mace tana yin wannan jakar, sai dai a yawancin iri babu abinda zai fito, kuma wadda aka yiwa barbara sau ɗaya tana iya yin jaka da dama a jere. A bar jakar ta yi kwanaki ta bushe sannan a cire ta a hankali a rataye a saman wata roba yadda take tun asali, da sarari a ƙasanta, domin 'ya'yan in zasu fito zubowa suke suna lilo da wani siririn zare kafin su warware su watse. A riƙa ɗan fesa ruwa a gefe ba a kan jakar ba. Irin ƙasashen zafi suna ƙyanƙyashewa cikin sati 4 zuwa 8, na ƙasashen sanyi kuma irin Mantis religiosa na Turai ƙwansu a cikin hunturu yake kwana sai bazara ya fito, don haka ana ajiye shi a wuri mai sanyi tukuna. Jakar da aka tsinto a daji kuma wani lokaci wasu ƙananan rina ne zasu fito daga ciki maimakon 'ya'yan, don sun riga sun yi ƙwai a cikinta.

To anan ne aikin yake, Malam Edita. Jaka ɗaya ta Sphodromantis ko Hierodula tana iya fitar da 'ya'ya 100 zuwa 200 a safiya ɗaya, kowanne ɗan mitsitsi, suna bi ta kowane huji in ragar bata da ƙananan ido. Bayan kwana ɗaya ko biyu zasu fara neman abinci, kuma in ba ka fara kiwon ƙananan ƙudajen nan tun makonni kafin ranar ba to babu inda zaka samo abinda zai ishe su, sai su koma kan junansu. Ko da abinci ma, daga saɓa ta biyu zuwa ta uku dole a fara raba su kowa da robarsa, kowa a fesa masa ruwa, kowa a sa masa ƙuda, a duba wanda ke shirin saɓa. Mutum ya tambayi kansa tsakani da Allah, ina da wannan lokacin, ina da robobin, akwai waɗanda zasu karɓi wasu? In amsar a'a ce to a haƙura da barbarar, babu abinda ya ragu a daɗin kiwon.

Kuma kar wani ya ce ai in sun yi yawa sai in sake su a waje. In irin yankinka ne daga nan aka samo iyayen, babu laifi. Amma baƙon iri da aka kawo daga wata ƙasa sakinsa ɓarna ce. Irin na China ya shiga Amurka ne a 1896 ta kusa da birnin Filadelfiya, yau ya bazu a gabashin ƙasar. A Niyu Zilan an fara ganin wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Miomantis caffra a 1978, yanzu yana ta mamaye wuraren da na asalin ƙasar yake, har bincike ya nuna mazan na asalin suna bin ƙamshin baƙuwar macen su je wurinta ta cinye su. Wasu ƙasashen ma doka ta hana shigo da baƙin ƙwari masu rai ba tare da izini ba, ya kamata mutum ya bincika kafin ya yi oda ta intanet. In kana da jakar baƙon iri na ƙasashen zafi da bazaka iya raino ba, ka bada ita ga wanda zai iya, ko ka sa ta a firiza na kwanaki tun kafin ta ƙyanƙyashe.

Ina roƙonku in da hali ku riƙa ware ɗan shafi lokaci-lokaci kan irin wannan ƙananan kiwon, ku nemo malaman da suka karanci ƙwari su yi bayani, musamman kan yadda za'a gane irin da ke yankin mutum da wanda baƙo ne, don wannan ɓangaren hoto da ƙwararre yake buƙata, wasiƙa bazata iya ba.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum